Babi na Biyar: Nawa Ake Kashewa Kafin a Ɗauki Nauyin Tsohon Wani?

A ƙidayar jama'a da aka yi a Amurka a shekarar 2020, an samu mutum miliyan 55.8 da suka kai shekara 65 ko suka haura, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane shida. Galibinsu an haife su ne a shekarun da haihuwa ta yi yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946 zuwa 1964, kuma zuwa 2030 autan waɗanda aka haifa a waɗannan shekaru ma zai cika 65. Tsufa ba baƙon kowa ba ne, amma yanayin zaman gidajen Amurka ne ya mayar da shi kasuwa. Za ka tarar da tsohuwa ita kaɗai a gidan da ta yi shekara arba'in a ciki. Ɗanta yana aiki a wata jiha mai nisa, 'yarta kuma in ta fita tun asuba sai dare. Babu suruka a tsakar gida, babu jikan da za a aika. In an ce a kai ta gidan jinyar tsofaffi, ɗaki na mutum ɗaya ya haura dala dubu 100 a shekara, ga shi ita ma ba ta so. Binciken da ƙungiyar tsofaffi ta AARP ta yi a 2021 ya nuna cewa kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 50 sun fi son su ƙare rayuwarsu a gidajensu.

A nan ne sana'ar kula da tsofaffi a gidajensu ta samu gindin zama. Jean Griswold, matar wani fasto, ta fara nata kamfanin a 1982 a kusa da Filadalfiya. A 1994 Paul Hogan da matarsa Lori suka kafa Home Instead a Omaha ta jihar Nebraska, bayan danginsu sun haɗu sun yi jinyar kakar Paul a gida. Shekara ɗaya bayan haka Allen Hager, tsohon jami'in asibiti, ya kafa Right at Home a wannan gari. Comfort Keepers da Visiting Angels suka biyo baya a 1998. Lokacin da kamfanin Honor ya sayi Home Instead a 2021, rassansa sun haura dubu ɗaya a ƙasashe fiye da goma.

Aikin da yawancin waɗannan rassa ke yi ba na likita ba ne. Babu allura, babu ɗaurin ciwo. Ma'aikaciya ce za ta je gidan tsoho ta taimaka masa ya yi wanka, ta sa masa kaya, ta dafa abinci, ta tuna masa lokacin shan magani, ta raka shi asibiti, ta zauna su yi hira. Saboda ba a buƙatar manyan injuna ko babban gini, ana yawan tallata wannan sana'a a matsayin wadda ake shiga da ɗan ƙaramin jari. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ke nan ba.

Abin da ake saya

Mai son shiga yana da hanya biyu. Ko dai ya kafa nasa kamfanin daga tushe, ko kuma ya yi hayar sunan wani kamfani da ya riga ya yi suna, abin da ake kira faranchayis. Tsarin ya yi kama da na gidan man da ke ɗauke da suna da fentin babban kamfani, alhali mai shi ɗan gari ne, shi ya zuba kuɗinsa, shi ke biyan yaransa, in an yi asara kuma a kansa take ƙarewa. Uwar kamfani tana ba ka sunanta, ta koya maka aiki na mako ɗaya ko biyu, ta ba ka littafin ƙa'idojinta da manhajar tsara jadawalin ma'aikata, sannan ta yanka maka yankin da wani reshenta ba zai shigo ba. Yawanci da adadin tsofaffin da ke zaune a wurin ake auna girman yankin. Abin da ba za ta ba ka ba shi ne abokan ciniki da ma'aikata. Waɗannan da ƙafarka za ka nemo su.

Dokar Amurka ta yi wa mai saye gata guda. Tun 1979 Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayya, FTC, ta wajabta wa duk kamfanin da ke ba da hayar sunansa ya miƙa wa mai saye kundin bayani, kuma bayan gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 2007 kundin yana da sashe 23. Dole ne ya shiga hannunka aƙalla kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya ko sisi. Sashe na 5 yana faɗin kuɗin shiga. Na 6 yana jera duk kuɗaɗen da za ka ci gaba da biya. Na 7 ƙiyasin jimillar jarin farawa ne. Na 19 kuma, in kamfanin ya ga dama ya cike shi, yana nuna irin cinikin da rassansa ke yi. Kundin kan kai shafi ɗari biyu ko uku, kuma kuɗin da za ka ba lauyan da ya san wannan fanni ya karanta maka shi ne kuɗi na farko da bai kamata ka yi ƙyashin kashewa ba.

Kuɗin buɗe ƙofa

A wajen manyan kamfanonin, kuɗin shiga yakan kama daga dala dubu 40 zuwa dubu 60 ga yanki ɗaya. Lokaci guda ake biyansa ranar sa hannu, kuma galibi in ya tafi ya tafi ke nan. Jimillar da ke sashe na 7 kuwa takan tashi daga wajen dala dubu 80 zuwa dubu 200, gwargwadon kamfani da jiha, kuma ta fi tsada in reshen zai haɗa da aikin nas-nas.

Ina sauran kuɗin ke tafiya? Akwai hayar ƙaramin ofis da kuɗin ajiya na mai gida, da tebura, da kwamfuta, da waya. Akwai kuɗin jirgi da masauki na zuwa horo a hedikwatar kamfani. Akwai tallan buɗewa. Akwai inshora kala-kala: ta barnar da ma'aikaci zai iya yi a gidan mutane, ta raunin da shi kansa zai iya ji a bakin aiki, ta sata, da ta mota in ana ɗaukar tsofaffi. Inshorar rauni tana da tsada a wannan sana'a, domin ɗaga babban mutum daga gado zuwa kujera yana yawan taɓa bayan masu yi.

Sai lasisi, wanda kowace jiha da nata tsarin. Akwai jihohin da ba sa neman lasisi na musamman ga aikin da ba na likita ba. Kalifoniya kuwa tun 2016 ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni lasisi, tare da yi wa ma'aikatansu rajista bayan an ɗauki zanen yatsunsu an binciki tarihinsu. Jihar Niyok ma ta taɓa dakatar da ba da sabon lasisi na shekara biyu daga 2018. Kuɗin takardar kanta ba shi ne abin tsoro ba. Jiran ne ke cin mutum, domin wata uku ko shida na iya wucewa kana biyan haya da inshora ba ka da izinin karɓar tsoho ko ɗaya.

Layi na ƙarshe a sashe na 7 shi ne kuɗin juyawa na farkon lokaci, kuma kamfanoni da yawa wata uku kacal suke lissafawa. Abincin gidanka da hayar gidanka da kuɗin makarantar 'ya'yanka yawanci ba sa ciki. Ga shi kuma da wuya sabon reshe ya fara ciyar da mai shi cikin wata uku. Duk wanda ya shigo da daidai abin da aka rubuta, babu rara, to ya shigo da ƙarancin jari.

A baje awa ɗaya a faifai

Da awa ake sayar da wannan aiki, saboda haka duk lissafin yana cikin awa ɗaya. Binciken da kamfanin inshora na Genworth ke fitarwa ya sa matsakaicin farashin awa ɗaya a 2023 tsakanin dala 30 da 33. A wannan shekarar, alƙaluman Ma'aikatar Ƙwadago sun nuna cewa matsakaicin abin da ma'aikacin ke samu ya ɗan haura dala 16 a awa. Wanda ya ga waɗannan lambobi biyu sai ya ɗauka rabi da rabi ake yi. Bari mu yi misali mu gani.

Mu ɗauka iyalin tsoho suna biyan dala 33, kai kuma ka ba ma'aikaciya 17. A kan albashinta akwai harajin fansho da lafiya na kashi 7.65 cikin ɗari da doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, ga harajin rashin aikin yi, ga inshorar rauni. A ce duka sun tashi dala 3. Saura 13. Yanzu uwar kamfani za ta karɓi la'adarta, wadda a wajen yawancinsu kashi 5 ce cikin ɗari ko kusa da haka, da kuma kashi 1 zuwa 2 na asusun talla. In muka ɗauki 5 da 2, dala 2 da santi 31 ke nan. A lura da kyau: daga cinikin gaba ɗaya ake cire la'ada, ko ka ci riba ko ba ka ci ba. Kashi 7 na dala 33 ƙaramin abu ne a ido, amma in ka auna shi da dala 13 ɗin da suka rage a hannunka, ya kai kusan kashi 18. Abin da ya saura bai kai dala 11 ba, kuma daga cikinsa ne za a biya haya, da mai tsara jadawali, da mai neman ma'aikata, da man mota, da akanta, da bashin banki.

In kuɗin tafiyar da ofis dala dubu 16 ne a wata, sai ka sayar da awa 1,500 kafin ka tashi babu riba babu faɗuwa. Kusan awa 350 ke nan a mako. In kowane tsoho yana ɗaukar awa 20 a mako, kana buƙatar tsofaffi 17 ko 18, da ma'aikata wajen ashirin, tunda yawancinsu ba cikakken mako suke yi ba. Har yanzu kai ba ka ɗauki ko kwabo ba. Kuma tsofaffin nan ba sa dawwama. Wannan zai rasu, wancan za a kwantar da shi a asibiti, wata 'yarta za ta zo ta tafi da ita. Kullum cikin cike gurbi kake, kana zagaya asibitoci da cibiyoyin gashin ƙashi da wuraren ibada kana gabatar da kanka ga masu sallamar marasa lafiya, don su tuna da kai ranar da iyali suka tambaye su wa za su kira.

Wa ke biya, kuma yaushe?

Iyalai da yawa sai buƙata ta taso suke gane cewa Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi da gwamnati ta kafa a 1965, ba ta biyan kuɗin irin wannan kulawa ta yau da gobe in ita kaɗai ake buƙata. Don haka mafi yawan rassan suna dogara ne da masu biya daga aljihunsu, da kuma 'yan tsirarun da suka sayi inshorar doguwar jinya, da tsofaffin sojojin da ma'aikatarsu ke tallafawa. Medicaid, shirin marasa ƙarfi, yana biya, domin tun 1981 majalisar dokokin Amurka ta ba jihohi damar kashe kuɗinsa a kan kula da mutane a gidajensu. Sai dai a jihohi da yawa farashinsa bai kai na kasuwa ba, ga tarin takardu, ga sharaɗin da wata doka ta 2016 ta kawo na tabbatar da shiga da fitar ma'aikaci ta na'ura.

Muhimmancin wannan ga mai jari shi ne lokaci. Ma'aikata duk mako ko duk mako biyu ake biyansu, ba a ɗaga musu ƙafa. Kamfanin inshora ko gwamnati kuwa sai su yi wata ɗaya ko biyu kafin su saki kuɗi. A misalinmu, albashi da harajinsa na awa 1,500 dala dubu 30 ne a wata. In masu biya suka yi jinkirin kwana 45, dala dubu 45 na kuɗinka suna waje. Shi ya sa reshe kan shiga matsi a daidai lokacin da ciniki ke buɗe masa, domin kowane sabon tsoho albashi ne da za ka fitar kafin naka ya shigo.

Ranar da ma'aikaciya ba ta zo ba

Ƙarfe shida saura na safe wayar ofis ta yi ƙara, kuma a shekarar farko wayar tana ƙarƙashin matashin kan mai reshe ne. Ma'aikaciyar da za ta je gidan wani dattijo mai shekara 88 ƙarfe bakwai ce, motarta ta ƙi tashi. Dattijon ba ya iya sauka daga gado shi kaɗai, yana da ciwon suga, sai ya karya kafin ya sha magani, kuma mantuwa ta fara kama shi, baƙuwar fuska tana firgita shi. Mai reshe ya fara kira ɗaya bayan ɗaya. Ta farko tana wani gidan, ta biyu ba ta da mai riƙe mata yara, ta uku ta riga ta cika awa 40 a makon, in ta je sai an biya ta ninki ɗaya da rabi, ribar ranar ta tafi. In ba a samu kowa ba, shi zai ɗauki makullin mota ya tafi ya wanke dattijon da hannunsa. Ƙarfe takwas 'yar dattijon za ta kira daga wata jiha, kuma amsar da ta ji ita za ta yanke ko za su ci gaba da shi ko su koma wani kamfani.

Wannan safiya ba ta cikin sashe na 7, amma ita ce babban kuɗin sana'ar. Binciken da masu harkar ke yi duk shekara ya daɗe yana nuna cewa yawan ma'aikatan da ke barin aiki a shekara yakan haura kashi 60 cikin ɗari, wasu shekarun ma ya kusa 80. Duk wadda ta tafi, sai an sake talla, an sake tantancewa, an sake binciken tarihi, an sake horo, kuma tsohon da ya saba da ita sai ya sake sabo da wata. Dalilan tafiyar ba ɓoyayyu ba ne: albashi kaɗan, awoyin da ba su da tabbas, doguwar tafiya tsakanin gida da gida, da rashin ganin girma. Shagon sayar da kaya ko na abinci yakan biya kusan haka ba tare da an ɗaga kowa ko an wanke kashinsa ba.

Mafi yawan masu wannan aiki mata ne, kuma kaso mai tsoka baƙi ne 'yan ci-rani. A garuruwa irin su Niyok da kewayen Washinton akwai 'yan Afirka ta Yamma da yawa a cikinsu, daga Gana da Najeriya da Saliyo da sauransu. Masaniyar halayyar al'umma Cati Coe ta rubuta littafi a kansu a 2019, inda ta nuna yadda suke shiga aikin da tarbiyyar girmama na gaba da suka taso da ita, sannan su yi ta cin karo da raini. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke tunanin buɗe reshe daga nan suka fito. Sun yi shekaru suna kwana a gidajen mutane, sun san aikin ciki da bai, sun tara ɗan abin da suka tara. Wannan sani jari ne babba, matuƙar ba su manta da shi ba ranar da suka hau kujerar mai gida.

Lissafi ma yana goyon bayan kyautatawa. A misalinmu, ƙarin dala ɗaya a awa ga kowa zai ci wajen dala 1,650 a wata har da haraji. Tsoho ɗaya mai awa 20 a mako yana bar maka kusan dala 925 a wata. Ke nan in canjin ma'aikata ya sa iyali biyu kacal suka janye, asarar ta fi ƙarin albashin.

Bashi da ƙofar fita

Kaɗan ne ke da dala dubu 150 a ajiye. Da yawa suna neman rancen banki wanda Hukumar Ƙananan Sana'o'i, SBA, ke tsaya wa. Sharaɗinsa shi ne duk mai kashi 20 cikin ɗari na kamfanin ko fiye sai ya tsaya da kansa, wato in kasuwanci ya faɗi ana bin dukiyarsa, kuma akan nemi gidansa jingina. Wasu kuma kuɗin fanshonsu suke zubawa. Ga Musulmi akwai ƙarin magana, domin rancen na ruwa ne. Wanda ke gudun haka sai ya nemi abokan haɗin jari ko ya jinkirta har ya tara, kuma gara a yanke wannan shawara tun kafin a biya kuɗin shiga.

Yarjejeniyar kanta yawanci ta shekara 10 ce. A cikinta akan sa mafi ƙarancin la'adar da za ka biya ko ciniki bai kai ba, da adadin cinikin da in ka gaza kai shi za a iya rage maka yanki ko a karɓe. In za ka sayar da reshen sai uwar kamfani ta yarda da mai saye, kuma akwai kuɗin canjin hannu. In ka fita, akan hana ka yin irin sana'ar a yankin na wani lokaci. Sashe na 20 yana ɗauke da sunaye da lambobin masu rassa na yanzu, da na waɗanda suka bari a shekarar da ta gabata. Ka kira su, musamman waɗanda suka bari. Ka tambaye su wata nawa suka yi kafin su fara ɗaukar albashi, nawa suka kashe a zahiri, da kuma abin da uwar kamfani ta yi musu lokacin da ma'aikata suka yi ƙaranci.

Hayar suna tana da amfaninta. Wanda bai san dokokin ƙwadago da inshora ba zai tsira daga kurakurai masu tsada, kuma iyalin da ke neman wanda za su ba makullin gidan uwarsu sun fi sakin jiki da sunan da suka taɓa ji. Wanda kuma ya riga ya san aikin, yana da jama'a, yana iya kafa nasa ya riƙe kashi 7 ɗin nan ya ƙara wa ma'aikatansa. Kowace hanya ka bi, ka yi lissafi uku kafin ka sa hannu. Na farko, jimillar da kamfani ya rubuta, ka ɗauki ta sama. Na biyu, abin da zai riƙe ofis da gidanka na shekara guda ba tare da ka taɓa ciniki ba. Na uku, albashin da zai sa mutuniyar kirki ta zauna tare da kai shekara biyu ko uku. In kuɗinka bai kai na ukun ba, to ka dakata tukuna, domin amanar iyayen mutane za ka ɗauka, kuma duk abin da ka tsuke a kan ma'aikaciya, a jikin tsohon da ke kwance zai fito.